Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi

Na san da zarar wasu malamanmu sun gane inda wannan muƙala ta dosa za su yamutse fuska, su ce ina ruwan mujallar Ƙungiyar Hausa da wasan yara na wayar hannu, alhali ga nahawu ga adabi ga al'ada ba a gama da su ba. To, ina roƙonsu su daure su karanta har ƙarshe. Ai su ne suka koya mana cewa wanda yake son ya san halin al'umma, ya dubi wasannin 'ya'yanta. An zaunar da mu a aji an karantar da mu langa da dara da 'yar tsana, an ce kowannensu madubi ne na rayuwar Bahaushe. In kuwa haka ne, wasan da samarin Gwammaja da Yalwa da Ƙofar Ruwa da Madigawa suke raba dare a kansa a yau, shi ma madubi ne, kuma fuskar da take fitowa a cikinsa ba mai daɗin kallo ba ce.

Ga abin da madubin ya nuna: mun tashi samari masu ɗaukaka mai kisa, masu raina mai magani. A cikin wasannin harbe-harbe da ake yi a runduna, akwai mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne ya tsayar da jinin 'yan'uwansa, ya tashi wanda ya faɗi. Wannan mutumin shi ne ya fi kowa shan wahala, shi ne ya fi kowa shan zagi, kuma in an ci nasara shi ne ba a tunawa da shi. Ƙarar da na kawo ke nan, kuma waɗanda nake ƙara suna nan cikinmu, wasunsu ma da su muke zama a aji ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba

Domin amfanin wanda bai taɓa leƙa wayar ƙanensa ba, bari in ɗan yi bayani. Waɗannan wasanni ta intanet ake yin su. Mutane ne na gaske, kowa daga inda yake zaune, suke haɗa runduna su yaƙi wata rundunar. Waɗanda suka fi yawa a hannun samarinmu su ne na waya, wato Free Fire na kamfanin Garena wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019. A PUBG mutum 100 ne jirgin sama yake zubarwa a fili guda, sau da yawa a rukunin mutum huɗu-huɗu, filin kuma yana ta tsukewa, rukunin da ya rage a raye shi ne zakara. A Free Fire kimanin mutum 50 ne, kuma da yake ba ya bukatar waya mai tsada, ya samu shiga lunguna ƙwarai da gaske.

Idan aka harbi ɗan wasa har jininsa ya ƙare, matuƙar yana da ɗan'uwa a raye, ba nan take yake mutuwa ba. Faɗuwa yake yi ya rinƙa rarrafe, ba ya iya harbi, sai wani ya zo ya durƙusa a kansa ya tashe shi. A PUBG wannan tayarwa sakan 10 take ci, kuma a cikin sakan 10 ɗin nan mai tayarwa ba ya harbi ba ya gudu, ya zama nama a kan faranti ga duk maharbin da ya hango shi. A Call of Duty akwai sana'o'i da ɗan wasa yake zaɓa kafin a fara, ɗaya daga ciki ta likita ce, mai kafa wata na'ura da take mayar wa na kusa da ita jini. A Free Fire akwai jarumai irin su Alok, wanda yake buɗe wani da'ira da duk ɗan'uwan da ya shiga cikinsa zai samu sauƙi.

A wasannin kwamfuta abin ya fi haka tsari. Tun a 2007 kamfanin Valve ya fito da Team Fortress 2, mai jarumai iri tara, ɗayansu likita ne da yake bin 'yan'uwansa da wata bindiga mai fesa lafiya, wanda in ya tara ƙarfi zai iya mai da kansa da wani ɗan'uwansa waɗanda harsashi ba ya ci har tsawon sakan 8. A 2016 kamfanin Blizzard ya fito da Overwatch, daga baya ya daidaita jarumansa kashi uku: masu tare gaba, da masu kai farmaki, da masu tallafi. Duk ɗalibin tarihi zai ga wannan tsari ba baƙo ba ne. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ga 'yan lifidi masu tare gaba, ga 'yan baka masu ruwan kibau. To, kibiyar wancan zamani mai dafi ce. Wanda ta soka, sai an samu wanda zai zare ta, ya ba shi makari, ya ɗauke shi daga ƙarƙashin kofatan dawaki. Kashi na uku ke nan, kuma kirarin mayaƙa da ya iso gare mu bai cika ambatonsa ba.

Zomo da maratayinsa

Ku tsaya kusa da kowace majalisar samari da dare, a bakin shagon mai cajin waya ko a dakalin ƙofar gida, ku saurara. Da an ce a raba aiki, kowa zai ce shi ne maharbi. Aikin magani sai a tura wa ƙaramin cikinsu, ko sabon shiga, ko wanda wayarsa ta fi tsufa. An fara ke nan sai wani gwarzo ya bar rukuninsa ya ruga shi kaɗai cikin mutum huɗu, wai shi namijin duniya, su kwantar da shi a tsakiyar fili inda ko bishiya babu. Daga nan sai ihu: "Kai, zo ka tashe ni mana! Me kake yi ne?" In mai magani ya je, a harbe shi a kan gawar gwarzon, a ce ba shi da dabara. In ya ƙi zuwa, a ce matsoraci ne, maci amana. Ba za ka taɓa jin gwarzon nan ya zagi wanda ya harbe shi ba, balle ya zargi ƙafafunsa da suka kai shi. Hausawa sun gama magana da suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

In kuwa Allah Ya sa an ci, sai ka ga ikon Allah. Allon sakamako zai fito, abin da ido zai fara faɗawa a kai shi ne yawan waɗanda kowa ya kashe. Gwarzon da aka tasa sau uku zai ɗauki hoton allon ya ɗora a WhatsApp, ya yanko wurin da ya yi kisa ya sa a TikTok da kiɗa. Wanda ya tashe shi sau ukun nan, ya ba shi bandejinsa, ya jefa masa gurnetin hayaƙi ya rufe shi, ko sannu ba zai samu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Kada wani ya ce wannan hali namu ne mu kaɗai. A 2019, da masu Overwatch suka kafa doka cewa kowace runduna sai ta ƙunshi masu tare gaba biyu da masu farmaki biyu da masu tallafi biyu, layin masu son farmaki ya yi tsawo har mutum yakan daɗe yana jira kafin ya samu shiga, kamfanin kuma ya koma yana ba da tukuici ga duk wanda ya yarda ya riƙe aikin da ake gudu. Ashe cutar ta game duniya. Amma kasancewar maƙwabcinka yana da ƙazwa ba zai hana taka ƙaiƙayi ba, kuma mu mutanen Dala muna da dalilin jin kunya da ya fi na kowa, kamar yadda zan nuna nan gaba.

Wai aikin rago ne

Hujjar farko da masu rainin suke kawowa ita ce, wai ba mai zama mai magani sai wanda bai iya saiti ba. Mu auna wannan magana da ma'aunin hankali. Maharbi abu ɗaya yake kallo, wato abokin gaba da yake gabansa. Mai magani kuwa dole idonsa ya kasance a kan jinin kowane ɗan rukuninsa, da inda kowannensu yake tsaye, da inda abokan gaba suke, da inda filin zai tsuke ya nufa, da yawan maganin da ya rage a jakarsa, da kuma hanyar da zai bi ya tsira in abu ya ɓaci. Duk wannan lissafi a cikin ƙiftawar ido yake yin sa, ga sabis yana yankewa, ga cajin waya yana ja da baya, ga mutum uku suna yi masa ihu a kunne.

Bugu da ƙari, shi ne wanda abokan gaba suke fara nema. Duk rundunar da ta san abin da take yi ta san cewa harbin wanda ake yi wa magani zuba ruwa ne a kwando, saboda haka sai a fara da mai maganin. Akwai ma wata dabara da kowane tsohon ɗan wasa ya sani: ka kayar da mutum ka ƙi ƙarasa shi, ka bar shi yana rarrafe, ka ɗana bindiga kana jiran wanda zai zo ceto. Wato wanda ya faɗi ya zama koto, mai magani shi ne kifin. Mutumin da ya san haka, ya kuma nemo hanyar zuwa ya dawo da ransa da na ɗan'uwansa, shi ne za a kira rago?

Aikin da ya fi kowanne nauyi a wuyansa shi ne zaɓe. Mutum biyu sun faɗi, lokaci na mutum ɗaya ne, wa za a fara ɗauka? Wanda ya fi kusa, ko wanda jininsa ya fi saurin ƙarewa, ko wanda rundunar ta fi bukata? Wannan tambaya ba 'yan wasa ne suka ƙago ta ba. Likitan sojan Faransa na zamanin Napoliyon, Dominique Larrey, da ita ya yi suna, domin shi ne ya tsara kekunan doki masu kwaso masu rauni tun ana cikin faɗa, ya kuma kafa ƙa'idar cewa a duba mutum bisa tsananin rauninsa ba tare da kallon muƙaminsa ba. Irin wannan tantancewa har gobe ita ake koya wa ma'aikatan sashen gaggawa a asibitoci. Yaron da yake yin ta a waya yana motsa ƙwaƙwalwarsa fiye da wanda bai san komai ba sai danna kunama.

Maganar saiti kuma, a Overwatch akwai wata jaruma 'yar Masar mai suna Ana, wadda da bindigar hangen nesa take yi wa 'yan'uwanta magani. In ta kuskure su ba su warke ba, alhali suna ta tsalle-tsalle ba sa tsayawa wuri ɗaya. Sannan a 2018, shekarar farko ta babbar gasar Overwatch League, wanda aka zaɓa gwarzon 'yan wasa na kakar gaba ɗaya mai tallafi ne, wani ɗan Koriya ta Kudu da aka fi sani da JJoNak, na ƙungiyar New York Excelsior, wanda ya haɗa magani da harbin da ya firgita maharban kansu. Waɗanda suke cin abinci da wannan wasa sun san darajar mai magani. 'Yan koyo na bakin dakali su ne suke raina shi.

Wai aikin mata ne

Hujja ta biyu ta fi ta farko muni, domin ta haɗa jahilci biyu a tukunya ɗaya. In ka ji saurayi ya ce shi ba zai riƙe magani ba don aikin mata ne, to ya raina mata, ya kuma nuna bai san garinsu ba. Wanzami mace ne? Maɗori mace ne? Wa yake yin ƙaho, da kaciya, da cire belu, da sakiya? Wanzanci sana'a ce ta gado mai sarautarta, har ana naɗa Sarkin Aska. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya jagoranci yaƙe-yaƙe da kansa, amma wannan bai hana shi zama ya wallafa littattafai a kan ilmin magani ba, har da abin da ya shafi ciwon ido da basir. Wane ne a cikin jaruman waya zai ce ya fi shi mazakuta?

To, a ce ma aikin mata ne, sai me? Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa a ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Nana A'isha da Ummu Sulaim, Allah Ya yarda da su, sun yi ta jigilar salkunan ruwa suna shayar da mayaƙa, kuma Nana Faɗima ce ta wanke raunin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ƙona guntun tabarma ta sa tokar har jinin ya tsaya. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, da kibiya ta samu Sa'adu ɗan Mu'azu, a tantin Rufaida Al-Aslamiyya aka kwantar da shi, baiwar Allah da ta sadaukar da kanta ga jinyar masu rauni. Ba ina gwada wasan waya da waɗannan bayin Allah ba ne, Allah Ya tsare. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya tashi da waɗannan labarai a kunnensa, sannan ya buɗe baki ya ce jinya abin kunya ce ga namiji, to karatunsa bai wuce leɓɓansa ba.

Wannan magana kuma tana cin 'yan'uwanmu mata ta fuska biyu. Ɗalibar da ta shiga wasan, da an ji muryarta sai a ce ta riƙe magani, ko da ta fi kowa iya harbi. In ta riƙe kuma ta iya, sai a ce ai ɗauke ta aka yi a baya, ba ta tsinana komai ba. An hana ta zaɓi, an kuma hana ta yabo. Shi ya sa da yawansu suke rufe makirufo su yi wasa kamar kurame.

Abin kunyar mutanen Dala

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa na ce mu ne muka fi cancantar jin kunya. Ku je Katsina ko Haɗeja ko Gusau, ku ce wa mutum an kai wane Dala. Ba zai tuna da Barbushe ba, ba zai tuna da Tsumburbura ba. Abin da zai fara tambaya shi ne, "Subhanallahi, karaya ya yi?" Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na Gwamnatin Tarayya, tare da na Igbobi a Legas da na Inugu. Sunan unguwarmu ya zama ɗaya da ɗori a bakin mutanen Arewa. Direban da ya yi haɗari a hanyar Zariya, da magini da ya faɗo daga bene, da yaron da aka haifa da tawayar ƙafa, duk nan ake nufowa da su. A ce a gindin wannan dutse ne samari suke ganin tashin wanda ya faɗi ƙasƙanci ne! Tun kusan ƙarni na 7 ake narka tama a Dala, kuma ƙarfen da maƙeri yake ƙera kan kibiya da shi, da shi yake ƙera askar wanzami. Mun riƙe kibiyar mun yar da askar.

Gaskiyar magana, yaran nan ba daga sama suka samo wannan hali ba, a hannunmu suka gan shi. A fagen dambe, in ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, cewa muke yi ya yi kisa. Ɗan Anace ya wasa Shago har duniya ta san shi, kuma ba mu ƙi ba. Amma wanda yake rugawa da ruwa ya farfaɗo da wanda aka sumar, wa ya taɓa ɗaga masa kalangu? A siyasa ma haka ne, wanda ya iya zagi a rediyo shi ne sojan baka, shi ake ba mota. Malamar jinya da ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya talatin, in majinyaci ya warke a ce aikin Allah ne, in ya cika a ce sakacinta ne, wani lokaci ma har 'yan'uwan mamaci su ɗaga mata hannu. Wannan ba shi ne ainihin abin da ake yi wa mai magani a cikin waya ba?

A ranar 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara a wurare biyu a nan cikin Kano. A watan Agustan 2020 aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, kuma da gumi da jinin irin waɗannan bayin Allah aka kai ga haka. Ina tambayar mai karatu, tsakaninsa da Allah, ko zai iya kawo sunan mutum ɗaya daga cikin taran nan? Amma a ce ya lissafo sunayen riƙaƙƙun 'yan daban unguwarsu, na da da na yanzu, sai ya cika takarda. Ban ce wasan waya ne ya haifi daba ba, domin daba ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Cewa na yi uwa ɗaya ce ta haife su, ita ce wannan aƙida da take auna namiji da yawan waɗanda ya kwantar. Al'ummar da ta ginu a kan wannan ma'auni kada ta yi mamaki in likitocinta da malaman jinyarta suna tattara kayansu suna tafiya Ingila da Saudiyya, inda aka san darajarsu.

Ga iyaye, ga kuma masu maganin kansu

Na san akwai dattawan da za su ce duk wannan surutu ne, maganin abin shi ne a ƙwace wayoyin baki ɗaya. Suna da tasu gaskiyar. Wasan yana cin kuɗin data, yana cin barci, yana sa a makara sallar Asuba, ya kuma kayar da ɗalibai a jarrabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasannin na'ura cikin kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019. Wanda wasa ya hana shi salla da karatu, a tsawata masa, ba ni da ja. Amma waya ta riga ta shigo gida, ba kuwa za ta fita ba. Uban da ya tambayi ɗansa, "Yau mutum nawa ka tasa?" ya fi kusa da gyara tarbiyyarsa fiye da wanda ya fasa wayar, yaron ya koma gidan maƙwabta ya ci gaba a ɓoye.

Ku kuma masu riƙe magani, ku daina sunkuyar da kai kamar masu neman alfarma. Ku sani ranku shi ne jarin runduna, gawa ba ta jinyar kowa. Kada ku bi mahaukaci cikin fili don ya yi muku ihu. Ku tsaya a bayan katanga, ku jefa hayaƙi kafin ku durƙusa, ku ce wa wanda ya faɗi ya rarrafo zuwa maɓoya, domin ƙafar da ta kai shi ita ya kamata ta fara dawo da shi. Ku raba magani tun kafin faɗa ya kaure. Ku yi magana, domin ku ne kuke ganin filin gaba ɗaya, saboda haka ku ne kuka fi cancanta ku ce a ja da baya ko a afka. Wanda ya mai da zaginku sana'a, ku bar shi ya ɗanɗana wasa ɗaya babu ku, ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Aikin da ya rage wa wannan ƙungiya

Daga ƙarshe, akwai kason da ya hau kanmu mu 'yan Ƙungiyar Hausa. Yaran nan da Turancin da bai nuna ba suke wasan, kana jin su suna "ribayib" suna "hila" suna "kil". Abin da ba shi da suna a harshenka da wuya ya samu gurbi a zuciyarka. Ina ba da shawara a kira mai wannan aiki maɗori, domin kalma ce mai nauyi a kunnen Bahaushe, ba wanda ya taɓa jin an ce maɗori rago ne. A kira mai tare gaba ɗan lifidi, a kira mai farmaki ɗan baka. Marubuta waƙoƙinmu da suke cika wannan mujalla da begen masoya, ko ɗaya daga cikinsu ya daure ya tsara wa maɗori baitoci, na waya da na asibiti. In kuma ƙungiyoyin ɗalibai za su shirya gasar waɗannan wasanni, to a ware kyauta ta musamman ga wanda ya fi kowa tashin 'yan'uwansa, a kira shi gaban jama'a a tafa masa kamar yadda ake tafa wa zakara.

Kai kuma gwarzon bakin dakali, sharaɗi ɗaya nake gindaya maka. Ka riƙe magani mako guda cur, ka ji yadda ake ji in mutum uku suna kiranka lokaci ɗaya, ga harsashi yana bin ka. In mako ya cika ka ga har yanzu aikin rago ne, ka rubuto raddi, na tabbata edita zai ba ka fili a fitowa ta gaba. In kuwa ka ƙi gwadawa, to ka ja bakinka ka yi shiru, kuma duk ranar da aka tashe ka, ka ce na gode.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin. Wassalam.